Rantsuwar Badaru

Shekara goma sha ɗaya Safara'u ta yi a ɗakin Badaru ba ta taɓa ɓatan wata ba, kuma a cikin shekarun nan babu ɗacin da bai bi ta maƙogwaronta ba. Ta sha sassaƙe, ta sha saiwa, ta sha rubutu har haƙoranta suka dafe. An zaunar da ita a kan kaskon hayaƙi sau ba adadi, kamar kifin da za a kai kasuwa. Duk mai maganin da ya ratso ta Kanyar Maje da jaka a kafaɗa, a cikinta yake gwada sa'arsa. Shi kuwa Badaru ko ruwan ɗumi ba a taɓa ba shi ba, domin a garin an daɗe da gano cewa rashin haihuwa ciwon mata ne. Maza ne suka gano hakan.

A shekarar da man fetur ya tashi gero da masara suka bi bayansa, har gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini, Safara'u ta sayar da 'yar gonar da ta gada wajen mahaifinta a gefen kogin Watari. Ba ta da komai bayan ita. Da kuɗin ta lallaɓa mijinta suka tafi wani asibitin kuɗi a Kano.

Likitan dattijo ne mai furfura, mai magana a hankali. Bayan an gama hoto da ɗibar jini da sauran gwaje-gwaje, ya zaunar da su ya ce akwai gyara a wajenta, akwai gyara a wajensa. Badaru ya ji rabin farko sarai.

"Za ta yi allura ta wasu kwanaki," in ji likita. "Ranar da ƙwanta ya nuna, kai za ka ba mu maniyyinka, mu tace shi, mu zaɓi masu ƙarfi, mu sa mata a mahaifa da wani siririn bututu. Naka ne, nata ne. Mu rakiya kawai muke yi."

"Ya halatta kuwa?" in ji Badaru.

"Tunda kai ne mijinta, malamai ba su hana ba."

Da ranar ta zo, wata nas ta miƙa wa Badaru ɗan kofin roba mai jan murfi, ta nuna masa wani ɗaki a ƙarshen baranda, ta ce in ya gama ya kawo da wuri. Ya daɗe a ciki. Da ya fito gumi ya jiƙa masa wuyan riga, kofin kuma yana ɓoye a hannun rigarsa. Safara'u tana zaune a benci ta gan shi, ta sunkuyar da kai don ta rage masa nauyi. A hanyar komawa ya saya mata rake, a motar Ɗambatta kuma ya bar mata wajen taga. Wannan ma yana cikin halinsa.

Kwana biyu da dawowarsu, bayan la'asar, Badaru ya tafi majalisa a gindin darbejiyar da ke kusa da masallaci. Nata'ala mai gyaran babur yana nan, mutumin da rediyonsa ba ya mutuwa, bakinsa ma haka. Basiru, yayan Badaru, yana gefe yana gyara igiyar jaki.

"Mutanen birni, an dawo?" in ji Nata'ala. "An ce wajen likitan haihuwa kuka je."

"Ita aka kai," in ji Badaru.

"Ai na ji yadda ake yi, likita ya yi bayani a rediyo. Wai kofi ake ba mutum, a nuna masa ɗaki, a ce bismilla. Shi kaɗai, ba uwargida ba amarya." Ya juya ga sauran. "Ku dubi hannunsa na dama. Tun da ya dawo bai ɗaga fartanya ba."

Aka kwashe da dariya. Wani ya tambaya ko kofin ya cika, wani ya ce sai dai in an ƙara da ruwa. Wani tsoho ya yi a'uziyya yana murmushi. Basiru bai yi dariya ba, ya ɗago kai ya zuba wa ƙanensa ido.

Badaru ya miƙe tsaye. Yana iya yin shiru, yana iya zagin Nata'ala kamar yadda kowa yake zaginsa a wuce wurin. Sai ya zaɓi ya kira Allah shaida.

"Wallahi tallahi, na rantse da Alƙur'ani mai girma, ban taɓa wani kofi ba. A benci na zauna a waje har aka gama da ita. Abin da suka yi mata a ciki, su suka sani."

Dariya ta tsaya. Badaru ya koma gida da mutuncinsa cikakke, har ya ci tuwo da yawa a ranar.

Bayan mako uku gwaji ya nuna Safara'u tana da ciki.

An yi murna ta kwana uku. Inno, mahaifiyar su Badaru, ta dama fura da kanta ta kai mata ɗaki, abin da ba ta taɓa yi ba. A rana ta huɗu Turai matar Basiru tana tankaɗe a tsakar gida, ta yi tambaya kamar da iska take magana. Ta ce ita dai ba ta yi boko ba, amma in maigida a benci ya zauna a waje, kuma an ce aikin ba ya yiwuwa sai da ruwan namiji, to na wa aka zuba?

Kafin azahar tambayar ta tsallake danga. Kafin magariba ta kai rijiya, ta dawo da amsoshi. Wasu suka ce na likitan ne. Wasu suka ce a firji ake ajiye na mutane iri-iri, har da na arna, a ɗebo wanda hannu ya kai.

Da safe Safara'u ta tare mijinta a ɗaki yana shirin fita gona.

"Malam, ka ji abin da ake faɗa?"

"Maganar mata ce. Za ta wuce."

"Ka faɗa musu mana. Kalma ɗaya ce."

"In faɗa musu me? Na riga na rantse a gaban mutane, a gaban Yaya."

"To ai a kan ƙarya ka rantse."

Marin ya same ta a kunne. Ta dafa bango tana jin wani ƙara kamar na injin niƙa. Badaru ya dubi tafin hannunsa, sannan ya zauna a bakin gado ya yi mata bayani cikin natsuwa. Ya ce ta yi haƙuri na 'yan watanni kawai. In an haihu aka ga hancinsa da goshinsa a fuskar yaro, bakin kowa zai mutu ba tare da shi ya ce komai ba. Wato ya ɗora wa jaririn da bai kai ƙwayar gyaɗa ba aikin da shi mai gemu ya kasa.

Inno ba ta jira hanci ba. Ta ware wa Safara'u kwano da moɗa, ta ce ba za ta ci girkin mai ɗauke da abin da ba a san ubansa ba. Aka cire ta daga murhu aka mayar da ita turmi. Surfen gidan duka ya koma kanta, da daka, da jan ruwa. Rani ne, lokacin da ake kai taki gona, sai aka ƙara mata da kwashe turken awaki tana loda wa jaki a mangala.

"Inna, likita ya ce in guji ɗaukar nauyi," in ji ta.

"Likitan naki ya san abin da yake tattali," in ji Inno. "Mu da muka haifi na halak, a bakin turmi naƙuda ta same mu."

Safara'u ta koyi daka da rabin ƙarfi, ta koyi cika tulu rabi ta yi sawu biyu. In ta ji mararta ta ɗaure sai ta zauna a bayan rumbu ta ƙirga numfashi har ya sake ta. Ba ta da inda za ta: iyayenta sun rasu, ɗan'uwanta ɗaya yana ci-rani a Ikko da wayar da ba ta shiga. Cikin ya kai wata uku, ya shiga na huɗu.

Ganin daka bai yi aiki ba, Inno ta tafi kasuwa ta dawo da wani ƙulli. Ta jiƙa shi kwana biyu a tsohuwar tukunya har warinsa ya kori kaji. Da hantsi, maza suna gona, ta shiga ɗakin Safara'u da ƙwarya, Turai tana biye.

"Sha. Na wankin ciki ne."

"Na ƙoshi, Inna."

"Ba tambayarki na yi ba."

Turai ta kama hannuwanta ta murɗe su baya, ta danne ta da gwiwa a kan tabarma. Inno ta toshe mata hanci, ta cusa bakin ludayi tsakanin haƙoranta har leɓenta ya fashe. Rabi ya shiga, rabi ya zube a zane tare da jini. Suna yi Inno tana faɗin cewa taimakonta ake yi, wata rana za ta gode. Suna fita Safara'u ta ja jiki zuwa bayan ɗaki, ta zura yatsu a maƙogwaro ta yi ta amai har ta ga kore.

Da Badaru ya dawo ya ga leɓen, bai tambaya ba. Ita ta gaya masa.

"Uwata ce," ya ce. "Me kike so in yi mata? Ke ma da kin sha salin-alin ai da ba a ji miki ciwo ba."

"Ɗanka suke so su zubar."

"Ki rage murya."

Sau uku aka yi mata haka a cikin wata ɗaya. Cikin ya ƙi fita. A wata na biyar ya fara motsi. Ran nan da tsakar rana, gidan ya yi shiru don zafi, ta kama hannun Badaru ta ɗora a kan cibiyarta. Abin ya harbe shi sau biyu. Idonsa ya kawo ruwa. Sai ya ji takun Turai a waje, ya fizge hannunsa kamar ya taɓa garwashi, ya fita yana faɗa a kan an bar akuya ta shiga rumfa.

A majalisa an daina maganar kofi. Yanzu in ya iso sai Nata'ala ya ce, "Sannu da zuwa, mai riƙon amanar likita." A masallaci wanda ke kusa da shi a sahu yakan ɗan matsa. Ko dai haka ake yi, ko haka Badaru yake gani. Kowace rana yakan dawo gida da abin da ya kwaso a waje, ya sauke a kan wadda ta san gaskiya. Gishiri ya yi yawa a kunu, mari. Ta daɗe a rijiya, igiyar jaki. Ta kalle shi, ya ce kallon raini ne. A lokutan da ya huce yakan ce mata ba ita yake duka ba, zuciya ce, kuma yana kula ba ya kai hannu wajen cikin. Yana faɗin wannan da alfahari irin na mai sana'a.

Basiru yana da 'ya'ya maza shida, gonar gidan kuwa, wadda ba a raba ba tun rasuwar mahaifinsu, in ka tsaya a wannan iyaka ka yi jifa sai dutsen ya faɗa gonar maƙwabci. Saboda haka duk gidan babu wanda ya kai shi kishin tsarkin zuri'a. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas aka soma maganar shuka, ya ce ba za a zuba iri a ƙasa da wannan ƙazanta a gida ba. Ya tara su a tsakar gida da sassafe: Inno a kan kujera 'yar tsugune, Turai a bakin madafa, Badaru a tsaye jikin rumbu, Safara'u a durƙushe a ƙasa.

"Maganar gajeriya ce," in ji Basiru. "A cikinku biyu ɗaya maƙaryaci ne. Badaru, ka rantse da Alƙur'ani a gabana. Kana nan a kan rantsuwarka?"

Badaru ya dubi ƙasa. "Ina nan, Yaya."

"Ke fa?"

"Yaya, a je asibitin," in ji Safara'u. "Takarda tana can da sa hannunsa."

"Mu je mu tambayi wanda ya yi ɓarnar ko ya yi? Da kuɗin motar wa?"

"To ni na gani da idona."

"Me kika gani?"

Wata biyar tana rufa masa asiri da bakinta da bayanta. Ta dube shi ko zai ɗago. Bai ɗago ba.

"Kofin roba ne mai jan murfi," ta ce. "Nas ce ta ba shi. Ya shiga ɗaki na ƙarshe, ya daɗe har ta je ta ƙwanƙwasa masa. Da ya fito a hannun riga ya ɓoye shi. Ta ce masa, Malam kawo mana, kada ya huce."

Turai ba ta yi niyya ba. Dariyar ce ta kufce mata ta hanci, ta toshe baki da gefen zane.

Akwai fartanya a jingine da rumbun. Badaru ya ɗauke ta ya juya ƙotar. Bugun farko ya sauka a kafaɗarta, na biyu a hannun da ta kare kai da shi, aka ji ƙashi ya amsa. Ta kife ta dunƙule, ta rungume cikin da hannu ɗaya, ta ba shi baya. Ya yi ta zuba mata a baya yana cewa maƙaryaciya, maƙaryaciya. Ta yi rarrafe ta nufi ɗakin Inno, Inno ta janye ƙafafunta ta ba ta hanya, ba ta tashi ba. Ya kamo ƙafarta ya jawo ta a ƙasa ta juyo rigingine. A nan ya manta da ƙa'idarsa. Ya sa mata dunduniya a ciki, sau ɗaya, sau biyu.

Basiru ya jira har na uku sannan ya ce, "Ya isa haka, kada ka yi kisa."

A bayan danga maƙwabta suna tsaye da buta a hannu. Sun ji komai, sun kuma yanke shawarar cewa sha'anin cikin gida ne.

Jinin ya fara kafin rana ta ɗaga. Inno ta ce a ba shi lokaci, ƙazanta ce take fita. Da azahar ta yi tsummokaran gidan suka ƙare, Safara'u ta daina amsa kira, sai aka ɗaura wa shanu amalanke, domin masu babur sun daina shigowa garin tun da mai ya yi tsada. Aka shimfiɗa ta a kan buhunan taki da babu komai a ciki. Badaru yana gaba yana jan shanun yana salati, kowane rami sai ya waiwayo ya ce sannu. A bakin titi suka sami mota zuwa asibitin Ɗambatta.

"Me ya same ta?" in ji nas ɗin da ta karɓe su, tana duban bayan da ya yi rudu-rudu.

"Santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya," in ji Inno.

"Rijiyar ce mai sanda?"

Nas ɗin ba ta da lokacin jiran amsa, ta tura gadon ciki.

Namiji ne. An naɗe shi a farin ƙyalle aka miƙa wa Badaru, bai fi tsawon tafin hannu da rabi ba. Jinin kuwa ya ƙi tsayawa, sai da likitoci suka cire mahaifar gaba ɗaya kafin su ceci ranta. Badaru ya kawo ƙunshin gida shi kaɗai, ya haƙa rami a bayan danga ya binne, ya zauna a kan ƙasar ya yi kuka na gaske, a inda ba mai ganinsa.

Bayan mako biyu aka dawo da Safara'u da ɗinki a mara da hannu a ɗaure. Gidan ya karɓe ta da kyau. Inno ta dama mata kunun kanwa, ta mayar da kwanonta cikin na kowa, ta ce Allah ya raba su da abin kunya, kuma ita ta yafe. Turai ta wanke mata zannuwa. Basiru ya shiga har ɗaki ya yi mata sannu, ya ce komai muƙaddari ne. An yi shuka a kan lokaci, gero ya fito da kyau.

Badaru ne ya kasa sukuni. Ya rame, ya daina zama a majalisa. Abin da yake cinsa shi ne rantsuwar. Ya kira sunan Allah a kan ƙarya, kuma ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ran nan bayan azahar ya tsaya har masallaci ya watse, ya matsa kusa da liman, Malam Hadi.

"Allah gafarta Malam, wani abokina ne ya rantse a kan abin da ya san ba haka ba ne. Mene ne kaffararsa?"

Malam Hadi ya daɗe yana kallonsa.

"Irin wannan rantsuwa ba ta da kaffara," ya ce. "Ta fi ƙarfin ciyarwa. Abokin naka ya tuba, sannan ya koma inda ya yi ta, a gaban waɗanda suka ji, ya warware. In akwai wanda ta cuta, ya wanke shi a bainar jama'a. Ka gaya masa haka. Ka gaya masa kuma ya yi sauri."

Badaru ya yi godiya. Ranar kasuwar Ɗambatta ya je wajen wani mai sayar da littattafai da turare, ya sake tambaya a madadin abokin nan nasa. Wannan ya fi sauƙin kai. Ya ce a ciyar da miskinai goma, Allah mai gafara ne. Badaru ya ga wannan fatawar ta fi kama da ilimi.

Neman miskinai goma bai ba shi wahala ba. A wannan shekarar duk wanda ke zaune a gindin darbejiya ya cancanta. Ya gayyace su ranar Juma'a bayan an sauko, ya ce sadaka ce kawai. Ya auno dawa, ya sayo kuka da daddawa da ɗan ƙashi. Sannan ya shiga ɗaki ya sami Safara'u, ya gaya mata gaskiyar abin da abincin yake, da murya ƙasa-ƙasa, don yana ganin za ta ji daɗi ta san ya damu. Ya ce ita yake so ta girka, hannunta ya fi albarka.

Ta girka. Da hannu ɗaya ta tuƙa, tana dafe ɗinkin da gwiwar ɗayan. Ta kwashe malmala goma sha biyu, har da na Basiru da na maigida. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, mutane suka zauna suka naɗe hannun riga.

Akushi na ƙarshe ita ta kawo da kanta. Ta tsaya a ƙofar zauren cikin hijabi, ta ajiye, ba ta koma ba.

"Kun san abin da kuke ci?" ta ce.

"Tuwon dawa miyar kuka, uwargida," in ji Nata'ala da loma a baki. "Kuma ya yi."

"Kaffara ce. Ta rantsuwar da ya yi muku a gindin darbejiya. Ya karɓi kofin, ya shiga ɗakin. Yaron da ke binne a bayan dangar nan ɗansa ne."

Hannuwa suka tsaya a cikin akushi. Badaru ya runtse ido yana jiran dariya.

Nata'ala ya haɗiye lomarsa, ya lashe yatsa.

"Haba uwargida, wa bai sani ba? Tun yana rantsuwar muka san ƙarya yake. Mutum zai bi mace har Kano don ya ɗumama benci? Tsokana ce kawai irin ta majalisa."

"Wallahi kuwa," in ji na kusa da shi. "Mu ba mu taɓa zarginki ba."

"Ko sau ɗaya," in ji wani.

Tsohon nan ya ce Allah ya sa yaron mai ceto ne. Aka ce amin, hannuwa suka koma aiki. Basiru bai ɗago daga akushinsa ba. Badaru ya buɗe ido ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba mai dariya, sai kafaɗunsa suka sauka. Ya ja numfashi irin na wanda aka sauke wa kaya, har ya kai hannu ya gutsuri tuwo.

Nata'ala ya miƙo mata kwano.

"In da sauran miya, a ƙaro mana."

Ta karɓi kwanon ta shiga ciki. Tukunyar tana kan murhu tana tafasa. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta sa hannu biyu, mai lafiya da mai ɗauri, ta ɗauke tukunyar ba tsumma.

"Ke, a kwano za ki zuba," in ji Inno daga inuwa. "Ina za ki da tukunya?"

Safara'u ta wuce ta. Ta shiga zauren, ta tsallake ƙafafun baƙi a hankali don kada ta ɗiga wa kowa, ta tsaya a kan mijinta ta juye masa ita tun daga wuya har cinya.

Ihunsa ya kai masallaci. Kafin la'asar mai unguwa ya iso, an aika a kira 'yan sanda, mata sun cika tsakar gida suna cewa dama sun lura ba ta cikin hankalinta. Ita tana zaune a bakin murhu da tafukan da suka saluɓe, ba ta gudu ba. Wannan ne karo na farko da aka ji wa wani rauni a gidan aka sami shaidu. Mutum goma ne, kowanne ya ga komai tun daga farko, kuma duk a shirye suke su rantse.